Ko ina buƙatar mai ba da shawara kan kuɗi, ko in ci gaba da lallaɓawa da kaina?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu sani a taimaka min. Mahaifinmu Allah ya yi masa rasuwa bara, an gama rabon gado kwanan nan, kasona ya shigo asusuna, in na ƙiyasta kuɗin za su kai albashina na shekara 4 ko su ɗan haura. Ni ma'aikaciya ce, shekaruna 41, yarana biyu suna makaranta, akwai fansho da ake cire min a albashi, sannan akwai ragowar bashin mota da nake biya wata-wata. Ban taɓa riƙe kuɗi masu yawa haka a lokaci guda ba, wallahi tun da suka shigo barcina ya ragu.

To ana haka sai wani ya kira ni, ya ce shi mai ba da shawara ne kan harkar kuɗi, wata abokiyar aikina ce ta ba shi lambata. Mun zauna, mutum ne mai kirki a fuska, ya zo da takardu masu kala da zane-zanen yadda kuɗina za su hau a shekara 15, ya ce shi ba zai karɓi ko sisi a hannuna ba, shawararsa kyauta ce, abin da ya rage kawai in sa hannu. Na ce ya ba ni lokaci. Tun ranar kusan kullum sai ya turo saƙo wai garaɓasar za ta ƙare ƙarshen wata.

Tambayata biyu ce. Shin mutum kamar ni ma yana buƙatar irin waɗannan mutanen, ko sai manyan masu kuɗi? In kuma ina buƙata, ta yaya ake gane na kirki? Na gode.

Tsohon Akawu:

Wa'alaikumussalam 'yata, Allah ya jiƙan mahaifinki ya sa ya huta. Abu na farko, kin yi daidai da ba ki sa hannu ba, kuma kada ki sa har sai kin gama fahimtar kowane layi. Kuɗin da ke zaune a asusu wata biyu ko uku ba abin da zai same su, amma kuɗin da aka ɗaure da sa hannun gaggawa kan iya ɗaukar shekaru kafin a kwance su. Garaɓasar da za ta ƙare ƙarshen wata kuma bar ta ta ƙare.

Kafin ma a zo maganar neman wani, akwai aikin da ba wanda zai yi miki sai ke, kuma kyauta ne. Ki ɗauki takarda ki rubuta abin da ke shigo miki a wata da abin da ke fita, har da ƙananan da ba a lissafawa. Ki duba bashin motar nan, nawa ne ruwan da ke kansa? In ruwan ya fi ribar da kike sa ran samu a duk inda za ki zuba kuɗi, kuma galibi ya fi, to biyan bashin shi ne jarin da ya fi kowanne tabbas, sai dai ki tambaya ko akwai tara ga wanda ya biya kafin wa'adi. Sannan ki ware kuɗin da za su riƙe gidanki wata 3 zuwa 6 in aiki ya tsaya ko ciwo ya zo, ki ajiye su inda hannunki zai kai a rana ɗaya. Wanda bai yi waɗannan ba, ko wane gwani ya ɗauko, daga nan gwanin zai fara in mai gaskiya ne.

Yanzu tambayarki, ko kina buƙata? A ganina yawan kuɗi ba shi ne ma'auni ba, sarƙaƙiyar al'amari ce ma'auni. Mai albashi ɗaya da fansho ɗaya da ɗan abin da yake tarawa wata-wata, wannan ba ya buƙatar kowa, karatu kaɗan ya ishe shi. Wanda ke buƙata shi ne wanda rayuwa ta kawo shi mararraba: gado ya faɗo masa, ko ya kusa ritaya an ce za a ba shi kuɗin sallama dunƙule, ko aure ya mutu ana rabon dukiya, ko ya sayar da kamfani, ko yana da kadara a ƙasa biyu haraji na bin sa ta ko'ina. Ke kina mararrabar, don haka eh, zama da masani zai amfane ki. Amma ki lura da abin da na ce, zama, ba na ce ki miƙa masa wuya har ƙarshen rayuwa ba.

Sai maganar da ta fi komai a wajena, wato wa ke biyansa. Ba wanda ke sa kaya masu kyau ya ƙona mai ya zo wajenki saboda Allah kawai, abincinsa yake nema kuma ba laifi ba ne, laifin shi ne a ɓoye miki ta inda abincin ke fitowa. Hanya uku ce. Akwai wanda ke ke biyansa kai tsaye, kuɗin zama na awa ko kuɗin rubuta miki tsari gaba ɗaya, ya gama ya tafi. Akwai wanda ke karɓar wani kaso na dukiyar da yake juya miki kowace shekara, an fi jin kashi 1 cikin 100. Sai na uku, mai kamasho, wanda kamfanin da ya sayar miki da hajarsu ne ke biyansa. Mutuminki da ya ce kyauta ne, kusan tabbas na ukun ne, kuma kamashon daga cikin kuɗinki zai fito, kawai dai ba za ki ga fitarsa ba.

Kashi 1 ɗin nan ma kada ki raina shi. Ki ɗauka kuɗi na samun ribar kashi 7 a shekara ana maimaitawa, a shekara 30 za su ninka sau 7.6. In ana cire kashi 1 kowace shekara ya zama saura 6, za su ninka sau 5.7 ne kawai. Kin ga kusan rubu'in abin da ya kamata ki samu ya tafi, a kan abin da a takarda ya yi kama da ba komai ba. Ki gwada da kalkuleta ki gani da idonki.

Ɗan Kasuwa:

Hajiya ni dai ra'ayina daban, ki rabu da su duka. In da sun san inda kuɗi ke haihuwa ai da nasu za su zuba su yi shiru, ba su riƙa bin mutane da waya ba. Ko attajirin nan na Amurka Warren Buffett ya taɓa yin fare na dala miliyan 1 da wasu ƙwararrun masu juya kuɗi, daga 2008 zuwa ƙarshen 2017, ya ce asusu mai arha wanda kawai yake bin manyan kamfanoni 500 na Amurka ba tare da wani wayo ba zai doke zaɓaɓɓun asusunsu masu tsada. Shekara goman na cika nasa ya hau kusan kashi 126, nasu a matsakaici wajen kashi 36. To in gwanayen gwanaye haka ta kasance da su, ina ga mai takarda mai kala? Ki sayi kadara da za ki gani da idonki ki taɓa da hannunki, ki huta.

Anti Mai Shari'a:

Ɗan Kasuwa labarin Buffett gaskiya ne amma ba a nan ya dace ba, don Allah kada mu ruɗa ta. Faren nan a kan masu cewa za su iya zaɓo hannun jarin da zai fi kasuwa ne, kuma a wannan na yarda da kai ɗari bisa ɗari, duk wanda ya ce miki zai doke kasuwa kowace shekara ki tashi ki ba shi wuri. Amma mai tsara harkar kuɗi na gaske ba wannan ne aikinsa ba. Aikinsa ya duba rayuwarki gaba ɗaya, yaushe yaran za su shiga jami'a kuma nawa za a buƙata, fanshonki zai riƙe ki ko akwai giɓi, in kika faɗi yau wa zai riƙe yaran kuma da me, haraji nawa doka ta yarda ki rage, wane kaso za ki iya sa wa a abin da ke hawa da sauka ba tare da hawan jini ya kama ki ba. Kuma batun a zuba komai a kadara ɗaya, shi ma haɗari ne, ranar da ake neman kuɗin asibiti da gaggawa ba a yanko ɗaki ɗaya a sayar, ga rikicin takardu, ga gyara, ga ɗan haya da ba ya biya.

Ni na taɓa ɗaukar irin na farkon da Baba Akawu ya faɗa, lokacin da maigidana ya kusa ritaya. Abin da ya sa na natsu da matar, zamanmu na farko ba ta ambaci sunan ko haja ɗaya ba. Tambayoyi ta yi ta jero mana tana rubutawa a littafi, har da wanda ban zata ba, wai in kuɗinmu suka faɗi da kashi 20 a wata ɗaya me za mu yi, za mu sayar ko za mu jira? Maigida ya ce zai jira, ni na ce wallahi a daren zan sayar, ta ajiye biro ta ce to wannan saɓanin naku shi za mu fara warwarewa kafin mu taɓa ko kwabo. Bayan nan ta kawo mana tsari a rubuce, muka biya ta kuɗin aikinta, mu muka je muka aiwatar da kanmu, sai dai mu koma mata in wani abu babba ya canza.

To ga yadda za ki tantance, ƙanwata. Ki nemi mutum uku ki zauna da kowanne, kada ki tsaya a kan wanda ya fara zuwa. Ki tambayi kowanne kai tsaye, nawa za ka samu in na bi shawararka, kuma wa zai biya ka, rubuta min a takarda. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar, wanda ya fara kame-kame ko ya ce ai ke ba ruwanki da wannan, kin samu amsarki. Ki tambaye shi ko doka ta ɗora masa ya fifita maslaharki a kan tasa, don a wasu ƙasashen akwai bambanci tsakanin wanda aka ɗora wa wannan amanar da wanda kawai ake so ya sayar miki da abin da bai saɓa da halinki ba ko da akwai wanda ya fi shi arha. Ki tambaye shi hajar kamfani nawa yake iya kawo miki, in ta kamfani ɗaya ce tak to ɗan talla ne, ki saurare shi a matsayin ɗan talla.

Sai lasisi. A ƙasashe da yawa kowa na iya buga kati ya rubuta mai ba da shawara kan kuɗi a ƙarƙashin sunansa, ba mai hana shi. Don haka ki karɓi cikakken sunansa da na kamfaninsa da lambar rajista, ki shiga shafin hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari ko ta inshora a ƙasarki ki duba da kanki, kada ki yarda da hoton satifiket a waya. In ya ce yana da CFP, wannan shaida ce ta masu tsara harkar kuɗi da ta samo asali a Amurka a shekarun 1970, yanzu ana bayar da ita a ƙasashe sama da 20, sai an ci jarrabawa an yi aiki na wasu shekaru an kuma sa hannu a ƙa'idar ɗa'a, kuma ana iya bincika sunan mai ita. CFA kuma wata shaidar ce da ta fi karkata ga nazarin zuba jari, jarrabawa ce mai mataki 3. Shaidar tana nuna ya yi karatu, ba ta nuna halinsa.

Abu na ƙarshe kuma shi ne wanda in kin manta komai kada ki manta shi: kuɗinki kada su taɓa shiga asusun mai ba ki shawara, ko na kansa ko na ɗan kamfaninsa. Su zauna da sunanki a wata cibiya daban mai rajista, wadda za ta riƙa turo miki bayanin asusu kai tsaye ba ta hannunsa ba. Bernie Madoff da aka kama a Amurka a Disambar 2008 ai ba ɗan tasha ba ne, ya taɓa shugabantar kasuwar hannun jari ta Nasdaq, manyan mutane da bankuna da ƙungiyoyin agaji ne suka ba shi kuɗi. Abin da ya ba shi dama shi ne shi ke juya kuɗin, shi ke ajiye su, shi kuma ke buga takardar da ke nuna ribar, ba wani na waje da ke ganin ainihin abin da ke ciki. A takarda mutane na da wajen dala biliyan 65, a zahiri kuɗin sabon shiga ake ba tsohon shiga. An yanke masa shekara 150 a 2009, a kurkuku ya mutu a 2021. Kuma abin da ya ja mutane wajensa riba ce mai zuwa daidai kowace shekara ba faɗuwa, alhali ba kasuwar gaskiya da ke tafiya haka.

Maman Biyu:

Kai, Allah ya saka muku da alheri, Baba da Anti har da Ɗan Kasuwa. Na koma na ɗauko takardun na karanta a natse. Ashe abin da yake so in shiga inshorar rai ce haɗe da ajiya, ta shekara 15. A shafi na biyun ƙarshe akwai wani jadawali da ƙananan rubutu sai da na sa tabarau, yana nuna abin da za a mayar min in na fasa, a shekarar farko da ta biyu abin da zan karɓa bai ma kai abin da na zuba ba, da nisa. Kuma zanen hawan kuɗin da ya nuna min, a ƙasansa an rubuta wai misali ne ba alkawari ba. Duk bai faɗa min waɗannan ba da baki. Shin irin wannan tsarin gaba ɗaya ba shi da kyau ne ko kuwa? Sannan ni ina son abin da babu riba ta haram a ciki, ban sani ba ko masu shawarar nan suna la'akari da wannan.

Tsohon Akawu:

Madalla, wannan jadawalin da kika gano shi ne zuciyar takardar. Dalilin da ya sa mai fasawa da wuri ke asara shi ne kamashon wanda ya kawo ki da kuɗin buɗe tsarin a farko-farko ake kwashe su, shi ya riga ya karɓi nasa, ke ce za ki zauna shekaru kina cike ramin. Ba zan ce tsarin ba shi da amfani ga kowa ba, akwai wanda in ba a ɗaure masa kuɗi haka ba ba zai taɓa tarawa ba. Amma ga yawancin mutane raba biyun ya fi arha kuma ya fi fitowa fili: kariya daban saboda yara in ta Allah ta kasance, ajiya da jari daban inda kike ganin abin da ake cira kuma kina iya fita.

Kuma ki san ba ke kaɗai wannan ya dama ba, hukumomi ma sun gani. Ingila tun ƙarshen 2012 ta hana masu ba da shawarar zuba jari karɓar kamasho daga kamfanonin da suke tallata wa haja, dole su faɗa wa mutum kuɗin aikinsu a fili ya yarda. Holan ma ta bi wannan hanyar a 2013. A Ostareliya kwamitin bincike da ya miƙa rahotonsa a 2019 ya tarar ana cirar wa mutane kuɗin shawara shekara da shekaru ba tare da an ba su shawarar ba, har da waɗanda suka riga suka mutu. Shi ya sa ko wanda kika ɗauka kika yarda da shi, duk shekara ki tambayi kanki me ya yi min bana da na biya shi.

Batun halal kuwa ki faɗa tun a zaman farko, kada ki ji nauyi, kuɗinki ne. Akwai sukuk a madadin takardun bashi masu ruwa, akwai takaful a madadin inshorar da aka saba, akwai asusun hannun jari da ake tacewa a cire kamfanonin giya da caca da bankunan ruwa. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, tana da ma'aunin da da yawa ke bi, misali abin da kamfani ke samu ta hanyar da ba ta halatta ba kada ya wuce kashi 5 na kuɗin shigarsa, kuma wannan ɗan kason ana fitar da shi sadaka. Ki tambaye shi wane kwamitin malamai ne ya duba hajar, ki ga sunayensu a rubuce. In ya tsaya yana kallonki to bai san fannin ba, nemi wani. Kuma kalmar halal a jikin takarda ba ta hana a tsawwala kuɗin hidima, shi ma ki duba shi kamar yadda za ki duba na kowa.

Gargaɗi ɗaya a ɗaya ɓangaren, don kada tsoro ya sa ki bar kuɗin kwance shekara da shekaru. Hauhawar farashi na cin su a hankali. Ki raba 72 da adadin hauhawar, abin da ya fito shi ne kimanin shekarun da darajar kuɗin za ta rabu biyu, in kashi 12 ne a shekara to shekara 6 kenan. Wata uku na nazari daidai ne, shekara uku na ɗari-ɗari asara ce.

Ɗan Kasuwa:

To na ji Anti, na sauko kaɗan, in dai irin wanda za a biya shi kuɗin zama ya rubuta ya tafi ne ba ni da ja. Amma Hajiya ki ƙara da wannan, kada ki sa hannu a takardar da ta ba wani ikon cire kuɗi ko sayar da wani abu ba da saninki ba, kuma kada ki ba kowa lambar sirrinki ko wadda ake turowa a waya, ko shi waye. Sannan ki rage yawan waɗanda suka san kuɗin nan sun shigo.

Maman Biyu:

In sha Allahu. Gobe zan je in tambayi nawa ne cikon bashin motar in zan biya gaba ɗaya, da ko akwai tara. Shi kuma mutumin na tura masa saƙo na ce ya rubuto min nawa zai samu in na shiga da lambar rajistarsa, ya karanta tun ɗazu bai amsa ba tukuna. Anti don Allah in ba damuwa, tsarin da matar ta rubuta muku, waɗanne abubuwa ne a ciki daga farko zuwa ƙarshe? Ina so in san abin da zan ce a rubuta min kafin in fara neman mutum ukun.